Janar ɗin Jamus da sojojin Arewa suka gwabza da shi a Mahiwa

A watan Oktoban 1913 hukumar soja a birnin Balin ta naɗa wani Laftanar-Kanal mai shekara 43 kwamandan rundunar Jamus ta Kamaru. Da naɗin ya tabbata, da Paul von Lettow-Vorbeck ya zama maƙwabcin Lamiɗon Adamawa, don daga Yola zuwa barikin Jamusawa na Garwa tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙasa. Tun bai kama aiki ba aka sake shawara, aka tura shi Gabashin Afirka ta Jamus, wadda a yau ta ƙunshi yawancin Tanzaniya da Ruwanda da Burundi. Ya sauka Darussalam a Janairun 1914. Amma da yake akwai rabon haɗuwa tsakaninsa da 'yan Arewa, sai da suka haɗu a 1917, a wani daji mai nisan dubban kilomita daga gida, kuma kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Mai wucewa ta Nassarawa GRA a Kano a yau, ya ga Gidan Gwamnati da Gidan Ɗan Hausa da manyan gidaje masu dogayen katangu, da wuya ya kawo wa ransa cewa wannan yanki na da hannu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Nan wajen ganuwa, tsakanin Nassarawa da Bompai, Turawan mulki suka kafa mazauninsu bayan cin Kano a 1903, kuma daga nan umarni ke fita zuwa fada da gundumomi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914, ƙasar Kano ba ta gama farfaɗowa daga muguwar yunwar da ta biyo bayan farin 1913 ba. Sarki Abbas ne bisa gadon sarauta. Shi da sauran sarakunan Arewa sun ba da kuɗi daga baitulmali don hidimar yaƙin, an kuma ɗora wa hakimai da dagatai nemo samari, wasu su ɗauki bindiga, mafi yawa su ɗauki kaya.

A Kano bataliya ta 5 ta rundunar Najeriya take, wato sojan doki. Su aka fara tayarwa, suka keta damina zuwa Yola, tafiyar fiye da kilomita 600. Ranar 25 ga Agusta suka yi karo da Jamusawa a ƙauyen Tepe, bayan 'yan kwanaki kuma aka kai wa Garwa hari, aka sha kashi, har kwamandan ayarin, Laftanar-Kanal Maclear, ya rasa ransa. Sai a 10 ga Yunin 1915 Garwa ta faɗi. A kan dutsen Mora kuwa Kyaftin Ernst von Raben ya ƙi saukowa har 18 ga Fabrairun 1916. A wannan fage sojojin Najeriya suka goge da yaƙin zamani, kuma gogewar ce ta jawo aka tuna da su sa'ad da al'amura suka cuɗe wa Ingila a gabas.

Wane ne mutumin?

An haifi Lettow-Vorbeck ranar 20 ga Maris 1870 a garin Saarlouis, a gidan da aikin soja gado ne, don mahaifinsa ma ya kai janar. Ya je ƙasar Sin a 1900 cikin rundunar ƙasashen Turai da ta murƙushe boren da ake kira na Boxer. Daga 1904 zuwa 1906 yana ƙasar da yau ake kira Namibiya, inda ya yi aiki a ofishin Janar Lothar von Trotha, mutumin da ya ba da umarnin shafe ƙabilar Herero. Wannan ita ce ta'asar da gwamnatin Jamus ta yarda a 2021 cewa kisan ƙare-dangi ne. Masu yabon Lettow-Vorbeck sukan tsallake wannan babi da sauri, bai kuwa kamata ba. A can ne, wajen farautar mayaƙan Nama a ƙarƙashin Jakob Morenga, aka raunata shi a idon hagu, a can ne kuma ya ga yadda 'yan tsirarun mutane da suka san dajinsu ke wahalar da babbar runduna. Darasin da ya yi suna da shi daga baya, daga hannun 'yan Afirka ya koyo shi.

Rundunar da ya tarar a Gabashin Afirka ƙarama ce: Turawa kimanin 260, da baƙaƙen soja da ake kira askari kusan 2,500, yawancinsu riƙe da tsofaffin bindigogi masu fitar da hayaƙi, waɗanda ke tona asirin mai harbi. Gwamnan ƙasar, Heinrich Schnee, ya so a tsame mulkin mallakar daga yaƙin Turai, yana kafa hujja da yarjejeniyar Balin ta 1885. Lettow-Vorbeck bai yarda ba. A lissafinsa, ba za a iya kare ƙasar ba, amma za a iya mayar da ita tarko: duk sojan Ingila da ya zo farautarsa a Afirka, an rage wa Jamus abokin gaba ɗaya a Turai. Bisa doka gwamna ne shugabansa. A aikace sai ya bi ra'ayin kansa, kuma ba a tambayi miliyoyin mutanen da za a yi yaƙin a gonakinsu ba.

A tashar ruwa ta Tanga sunansa ya fara fita. Ranar 2 ga Nuwamban 1914 jiragen Ingila suka iso da soja kusan 8,000, yawancinsu Indiyawa da suka galabaita da zaman jirgi, a ƙarƙashin Manjo-Janar Arthur Aitken. Maimakon su afka wa garin nan take, sai suka ɓata lokaci wajen ba da sanarwa da laluben nakiyoyi a ruwa. Wannan jinkiri ya ba Lettow-Vorbeck damar kwaso sojojinsa a jirgin ƙasa daga gindin dutsen Kilimanjaro. Da dare ya hau keke ya shiga garin da kansa don ya ga inda abokan gaba suka tsaya. Ranar 4 ga wata aka gwabza, shi da mutum kimanin 1,000. Ana tsakar harbi ƙudan zuma suka tashi daga amyoyin da aka rataye a bishiyoyi suka far wa kowa, abin da ya sa har yau Turawa ke danganta yaƙin da zuma. Washegari Aitken ya kwashe sauran mutanensa ya koma jirgi, ya bar bindigogi masu ruwa 16 da ɗaruruwan ƙananan bindigogi da harsashi kusan 600,000. Ingila ta yi asarar fiye da mutum 800 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, Jamus kimanin 150.

A Janairun 1915 ya sake yin nasara a Jassin, amma ya rasa ƙwararrun hafsoshin da ba shi da inda zai samo madadinsu. Daga nan ya rage fito-na-fito, ya koma aika ƙananan ayari suna dasa nakiya a layin dogo na Yuganda. Da Ingila ta nutsar da jirgin yaƙin Königsberg a bakin kogin Rufiji a Yulin 1915, sai aka kwance manyan igwoyinsa 10, aka ɗora su a kan ƙafafu, ɗaruruwan 'yan dako suna jan su a daji. Da magani ya yanke, sai aka riƙa dafa ɓawon itacen kwinin ana shan ruwan mai ɗaci. Takalma, sabulu, tufafi, duk a gida aka koma yin su. Wannan dabara ta rayuwa da abin da ke hannu ita ce ainihin gwanintarsa, ta ma fi dabarun fagen fama.

A 1916 Janar Jan Smuts na Afirka ta Kudu ya shigo da babbar runduna, ya ƙwace garuruwa da layin dogo, amma ya kasa kama mutumin. Lettow-Vorbeck yakan tsaya ya yi ɓarna, kafin a zagaye shi ya zame ya yi kudu. Sauro da tsando suka yi masa sauran aikin. Dawakai da alfadarai suka riƙa mutuwa dubbai da sammore, kafin ƙarshen shekara kuma an mayar da Turawan Afirka ta Kudu fiye da 10,000 gida saboda zazzaɓi da atini. Nan ne hukumomi a Landan suka yanke cewa baƙar fata ne zai ƙarasa wannan yaƙi.

Yunwar Rufiji

A Nuwamban 1916 birged ɗin Najeriya, bataliya huɗu da rukunin igwa, ya bar gida a ƙarƙashin Birgediya Frederick Cunliffe, wanda ya ci Garwa. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauke su shi ne Mendi, wanda bayan 'yan watanni ya nutse a tekun Ingila da leburorin Afirka ta Kudu fiye da 600. Akwai Hausawa da Barebari da Yarabawa da Fulani da mutanen ƙabilu da dama a cikinsu, kuma Hausa ce harshen bariki. Sun zagaya ta ƙasan Afirka suka sauka Darussalam a Disamba. Suna can ne madugun Abzinawa Kaosan ya kewaye Agadas, har hankalin Turawan Kano ya tashi, aka tattara ragowar soja aka tura arewa don taimakon Faransa.

Abokin gabansu na farko a gabas ba Bajamushe ba ne. An ajiye su su tsare gaɓar kogin Rufiji, sai damina ta sauka da ƙarfin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Hanyoyi suka zama taɓo, motoci suka maƙale, dabbobin dako suka mutu, kogi ya cika ya batse. Daga ƙarshen Janairu zuwa Mayun 1917 abinci bai isa gare su sai ɗan abin da ba ya kashe yunwa. Kyaftin W. D. Downes, wanda yake tare da su kuma ya wallafa littafi a kansu a 1919, ya ba da labarin yadda suka koma harbin dorina da birai, da tonon saiwoyin da ba su sani ba har wasu suka mutu da guba, da tono gawar alfadaran da aka binne. Akwai gadar da aka ɗaure itatuwanta da tsirkiyar fata, sai da mayunwata suka kwance fatar suka dafa. Mai karatu ya tuna cewa da yawansu Musulmi ne da suka tashi a gidajen da ko kallon mushe ba a yi. Lalura ce ta kai su, kuma ba su suka jawo ta ba.

A cikin wannan hali suka yi faɗa a Ngwembe a ƙarshen Janairu, inda bataliya ta 3 ta rasa igwa biyu. Da rani ya shigo suka murmure, suka nuna ko su wane ne a Bweho Chini ranar 22 ga Satumba, inda suka tare hare-haren Jamusawa har da tsinin bindiga.

Kwana huɗu a Mahiwa

A Oktoban 1917 an matse Jamusawa a kusurwar kudu maso gabashin ƙasar. Mai riƙe da garin Nyangao shi ne Manjo-Janar Kurt Wahle, wani dattijo da ya riga ya yi ritaya, ya zo ziyarar ɗansa yaƙi ya rutsa da shi, ya kuma yarda ya yi aiki a ƙarƙashin Lettow-Vorbeck, wanda bai kai shi muƙami ba. Shirin Ingila shi ne wata runduna ta taso masa daga Lindi ta gaba, 'yan Najeriya kuma su zagaya ta daji su datse masa hanya a Mahiwa. Sun yi kwanaki suna tafiya a dajin da ba ruwa, ga ƙarancin guzuri. Abin da ba su sani ba shi ne Lettow-Vorbeck da kansa ya taso da kamfani biyar cikin gaggawa, ya riga ya iso.

Ranar 15 ga Oktoba suka yi kiciɓis. Waɗanda suka zo datse hanya sai suka wayi gari su ne a kewaye. Suka haƙa ramuka a wani ɗan fili ƙanƙane, suka cunkushe a ciki da masu rauni da 'yan dako. Washegari Jamusawa suka jawo igwa kusa suka riƙa sakar musu wuta, kuma saboda ƙuncin wurin kusan kowane harbi sai ya sami mutum. Downes ya ce har sassan jikin mutane aka riƙa gani a kan rassan itatuwan da ke bisa ramukan. Bataliya ta 1 da ta yi yunƙurin kai musu ɗauki ta faɗa cikin wuta ita ma. Duk da haka layin bai karye ba, ga ƙishirwa, ga harsashi na ƙarewa, har suka sami hanyar ficewa.

A ɗaya gefen, Birgediya Beves ya yi ta tura mutanensa gaba-da-gaba a ranakun 17 da 18. Lettow-Vorbeck ya san halinsa tun wani karo da suka yi a baya, ya san ba ya tausayin soja, don haka ya tsaya ya jira shi. Da ƙura ta lafa, a cikin mutum kimanin 4,900 da Ingila ta shigar, kusan 2,700 sun mutu ko sun ji rauni ko sun ɓace. An sauke Beves. Jamusawa sun yi asarar tsakanin 500 da 600, a ƙarshen watan kuma aka ɗaga Lettow-Vorbeck zuwa Manjo-Janar.

Littattafai da yawa suna lissafa Mahiwa cikin manyan nasarorinsa. Idan aka duba abin da ya biyo baya, nasarar ta ci shi. Ya ƙone harsashin da ba zai iya mayarwa ba, ya rasa mutanen da ba shi da madadinsu. Cikin 'yan makonni ya bar marasa lafiya da masu rauni a baya don Ingila ta kwashe, ya tace rundunarsa zuwa Turawa kimanin 300 da askari 1,700, ya haye kogin Ruvuma ranar 25 ga Nuwamba ya shiga Mozambik ta Fotugal. Mutanen da suka jure wuta a ramukan Mahiwa suna da kaso a cikin abin da ya fitar da shi daga ƙasar da aka ba shi tsaro.

Birged ɗin Najeriya ya dawo Legas a Maris 1918. Lettow-Vorbeck kuwa, bayan haye Ruvuma, ya ƙara shekara guda yana yawo, yana fasa rumbunan Fotugal yana ɗibar bindiga da abinci. Ya koma Gabashin Afirka ta Jamus a ƙarshen Satumba, ya kutsa Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yau, a can labarin tsagaita wuta ya same shi bayan an riga an daina harbi a Turai. Ranar 25 ga Nuwamban 1918 ya ajiye makamai a Abercorn, garin da yanzu ake kira Mbala, da Turawa 155 da askari 1,168, ban da 'yan dako da mata da yara.

Ba a taɓa kama shi ba, wannan gaskiya ne, kuma jarumtakarsa da juriyarsa ba abin musu ba ne. Amma sai a tambayi wa ya biya kuɗin. A ɓangaren Ingila kaɗai, 'yan dako kimanin 95,000 aka rubuta sun mutu, galibi da yunwa da cuta. Jamusawa ba su ma ajiye cikakken lissafin nasu ba, kuma sau da yawa kama mutane suke a ƙauyuka su ɗaure su da igiya su aza musu kaya, mai gardama ya sha bulalar dorina, mai gudu a harbe shi. Inda rundunar ta bi takan kwashe hatsi da dabbobi, ta ƙone abin da ba ta iya ɗauka don kada mai bin ta ya samu. Likitan rundunar, Ludwig Deppe, ya rubuta da kansa cewa abin da suke bari a bayansu shi ne gonaki a lalace da rumbunan da aka wawashe da yunwa mai zuwa. Masana tarihi suna ƙiyasta fararen hular da suka hallaka da ɗaruruwan dubbai. Ko lissafin nasa na rage wa Jamus nauyi a Turai bai cika fitowa ba, don daga 1917 yawancin masu farautarsa 'yan Afirka ne da Indiyawa, waɗanda dama Ingila ba ta da niyyar kai su fagen Faransa.

A Jamus an karɓe shi a matsayin gwarzo. Ranar 2 ga Maris 1919 ya ratsa ƙofar Brandenburg a kan doki jama'a na sowa, a ƙasar da ke ƙishirwar wanda za ta ce ba a ci shi da yaƙi ba. A Yulin shekarar ya jagoranci soja suka murƙushe tarzomar talakawa a Hamburg, a 1920 kuma ya goyi bayan yunƙurin juyin mulkin Kapp, abin da ya raba shi da kaki. Ya zauna a majalisar dokoki daga 1928 zuwa 1930. Bai shiga jam'iyyar Hitila ba, amma ya yi ta yawon laccar neman a mayar wa Jamus ƙasashen da ta mallaka, gwamnatin Nazi kuma ta ƙara masa girman muƙami a 1939. 'Ya'yansa maza biyu sun mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya rasu a Hamburg ranar 9 ga Maris 1964, a shekarar da Jamus ta Yamma ta biya tsofaffin askarin da suka rage kuɗinsu. Daga baya Jamusawa sun sake auna shi: garin haihuwarsa ya cire sunansa daga titi, a Hannover kuma titin da ke ɗauke da sunansa ya koma titin Namibiya.

Namu mutanen fa? Najeriya ta ba da soja kimanin 17,000 da 'yan dako fiye da 30,000 a wannan yaƙi. Waɗanda suka dawo, ba su daɗe da sauka ba annobar marisuwa ta biyo layin dogo daga Legas har Kano a ƙarshen 1918. Akwai hasumiyar tunawa da mamatan a Lakwaja, amma da yawa, musamman 'yan dako, ko sunansu ba a rubuta ba. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba ko ba a tuna da su sam, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Abin takaici ne a ce ɗalibin tarihi a Kano zai sami littattafai a kan Lettow-Vorbeck cikin sauƙi, amma ya rasa sunan mutum goma daga gundumarsu da suka kwanta a Rufiji ko Mahiwa. Aiki ne da ke jiran jami'o'inmu da gidajen sarauta, tun da sauran jikokin da suka ji labari daga bakin kakanninsu.

Cikin 'yan kaɗan da sunansu ya tsira akwai Chari Maigumeri, mutumin Borno. Yana saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, aka kama shi a 1915, daga baya ya sa kakin rundunar Najeriya aka tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi tsofaffin iyayen gidansa. Ya kai babban samanja na bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami lambobin yabo, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.